Satifiket a Cikin Leda: Wasiƙa Daga Jamus Kan Takardar Kundi da Jabun Takardu

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na gida, musamman ɗalibanmu da ke shekarar ƙarshe a Dutse da Kafin Hausa da Wudil da Kano, waɗanda hankalinsu ya koma kan buga kundin kammala karatu da karɓar takardar sakamako. Ba sai na tsaya ina bayyana wa mutumin da ya taso a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura irin ɓarnar da gara da yoyon ɗaki suke yi wa takarda ba, domin wannan tsoron ne ya haifar da al'adar da nake son yin magana a kanta, wato kai kowace takarda mai muhimmanci shagon kwamfuta a manne ta cikin leda da zafi. Haka Baffa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi wa takarduna tun daga ta firamare har ta digiri, da kuɗinsa kuma da kyakkyawar niyya, kamar yadda kowane uba mai kula yake yi a garinmu.

A nan Jamus, inda na zo karatun digiri na uku a jihar Saxony, wannan leda ce ta jawo mini wulaƙancin da har yau idan na tuna shi raina yake sosuwa. Ƙa'idarsu ita ce ba a karɓar ainihin takardar mutum a ajiye, sai dai ya kai ta wani ofishi a gwada ta da kwafinta, ma'aikaci ya buga hatimi ya sa hannu cewa ya ga asalin da idonsa, daga nan kwafin ya zama abin aiki. Ma'aikaciyar da na tarar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗauki satifiket ɗin digirina, ta juya shi gaba da baya, ta goga babban yatsanta a kan wurin hatimi, ta ɗaga shi ta fuskanci taga, sannan ta ajiye ta turo mini shi da kan yatsa. Ta ce ba za ta sa hannu ba, domin ba ta da hanyar sanin ko abin da ke cikin ledar asali ne ko hoton takarda ne da aka buga da launi. Na yi mata bayanin damina da gara da ambaliyar kogin Haɗejia, da cewa a wurinmu wannan ita ce kulawa mafi girma da ake yi wa takarda. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga murya ba kuma ba ta yi murmushi ba, ta ce takardar da ba ta iya taɓawa ba ta iya shaidarta, sannan ta kira na bayana. Mutanen da ke layi duk sun ji, wasunsu kuma suka bi ni da kallon da ake yi wa wanda aka kama da kayan sata. Takardar nan ita ce wadda Baffa yake fitowa da ita daga akwatin ƙarfe ya nuna wa baƙi a zaure, ita ce aka sayar da tumaki da buhunan riɗi domin a same ta.

Har yanzu ina ganin da ta iya faɗin maganarta ba tare da ta tozarta ni a gaban jama'a ba, amma hujjarta tana nan daram, domin mai binciken takarda da yatsa da haske yake aiki. Hatimin da ake matsawa da ƙarfe yana barin tudu a jikin takarda wanda ake ji da hannu, zafin injin lamineshin kuwa yana baje shi. Bakin alƙalamin wanda ya sa hannu yana barin gurbi da ake ji ta bayan shafi, leda tana rufe shi. Idan an kankare suna ko shekarar haihuwa da reza aka rubuta wani, wurin yakan yi shara-shara, leda tana ɓoye wannan ma. Akwai kuma tambarin da ake sakawa a cikin jikin takarda tun tana jiƙe a masana'anta, wanda ba ya bayyana sai an ɗaga ta ga haske. Mai son ya gane abin da nake nufi ya ɗaga takardar Naira dubu ga rana ya dubi farin gefenta. Saboda haka babu wanda leda take yi wa amfani kamar mai buga jabu, wanda zai buga hoton satifiket da launi a kan takardar kasuwa, ya manne shi cikin leda mai kauri, ya koma daidai da na gaskiya a idon kowa. Ɓarnar kuma ba ta gyaruwa, saboda gam ɗin ledar yana narkewa ya shiga cikin zaren takarda, duk wanda ya yi ƙoƙarin ɓare ta zai ɗauko rubutun tare da ita.

Sai dai kada mu ɗora wa leda dukan laifin, domin kafin in shiga ofishin nan sunan ƙasarmu ya riga ni shiga. Fiye da shekara 20 ke nan Jamus ta daina buga hatimin amincewa a kan takardun hukumomin Najeriya, bisa hujjar cewa ba a iya dogara da su. Idan ɗan Najeriya zai yi aure a nan, sau da yawa sai an tura takardunsa gida, an ɗauki lauya ya bi sawu har garinsu, ya dubi rajistar makaranta, ya tambayi dangi da maƙwabta, kuma mai takardar ne zai biya ɗaruruwan Yuro ya jira watanni. Wannan rashin yarda yana yi mini zafi, amma ba daga sama ya faɗo ba. A 1999 Shugaban Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ɗan jihar Kano, ya sauka daga kujerarsa bayan ta tabbata cewa digirin Jami'ar Toronto da ya gabatar na bogi ne, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har aka ɗauke shi hidimar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da amincewa da digirorin Benin da Togo a farkon 2024, daga baya kuma Ministan Ilimi na lokacin ya ce mutum fiye da 22,000 ne suke yawo da irin waɗannan takardu. Manya ne suke yin abin, amma sakamakonsa a kan ɗan talakan da ya yi karatunsa da fitilar ƙwai yake sauka. Mu ma a ƙauye ba za mu wanke kanmu ba, domin nawa ne daga cikinmu suka je kotu suka yi rantsuwar shekarun haihuwa fiye da sau ɗaya, kowace da shekara daban, gwargwadon aikin da ake nema?

Mafitar da aka ba ni ita ce makarantun da na yi su aiko da wasiƙar tabbatarwa kai tsaye, ba ta hannuna ba. A nan ne abin ya ƙara yi mini ciwo, domin sai da Yaya ya bar gona a tsakiyar damina, ana cikin maimai, ya shiga zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni. Yau a ce mai makulli ba ya nan, gobe a ce babu wuta, jibi a ce sai an sayo takarda da tawadar firinta, kuma kowa ya san ma'anar wannan magana. Da aka buɗe masa ɗakin ajiya a ɗaya daga cikin makarantun, ya tarar da fayil-fayil a ɗaure da igiya a jibge a ƙasa, rufin yana yoyo, na ƙasa sun manne da juna sun zama dunƙule. Allah ya saka wa wani dattijon ma'aikaci da alheri, wanda ya zauna da shi suka yi ta tono har aka sami shekararmu. Da shekararmu tana cikin dunƙulen nan, da babu wata hujja da za ta nuna cewa na yi karatun da na yi, duk da satifiket mai ƙyalli da nake riƙe da shi.

Bambancin da na gani tsakaninmu da mutanen nan ke nan: mu muna tsare takardar da ke hannun mutum mu bar rajistar da ta fito daga cikinta ta ruɓe, su kuwa rajistar suke tsarewa. Na ga takardun digirin abokan aikina Jamusawa, na yi mamakin rashin adonsu, domin farar takarda ce mai kauri da hatimi da sa hannu, babu ruwan zinariya babu ƙyalƙyali. Yaron shagon kwamfuta mai basira zai iya kwaikwayonta cikin yini. Abin da ya hana hakan shi ne duk mai shakka yana iya rubuta wa jami'ar a duba rajista a ba shi amsa, sannan dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga mai buga takardar jabu ko mai amfani da ita, wanda kuma ya laƙaba wa kansa Dakta ba tare da ya same shi ba yana iya shan ɗaurin shekara guda. Ku kwatanta wannan da yadda ake rabon Dakta a wuraren biki a gida.

Da lokacin buga kundina ya zo, na sake cin karo da wannan ɗabi'a tasu, amma wannan karon ta fuskar da ta burge ni. Mai shagon buga takardu bai taɓa kwamfuta ba sai da ya tambaye ni shafi nawa ne, fuska ɗaya za a buga ko gaba da baya, akwai hotuna da taswira masu launi ko babu, kuma wane kwafi ne na masu jarrabawa, wane ne na ɗakin karatu. Sannan ya shimfiɗa samfura a kan tebur ya ce in taɓa. Lambar nan da muke gani a jikin kwalin rim, 70 ko 75 ko 80, nauyin murabba'in mita ɗaya ne na takardar a ma'aunin giram. Falle 16 na A4 su ne murabba'in mita guda, saboda haka falle ɗaya na mai lamba 80 giram 5 ne, rim mai falle 500 kuwa kilo biyu da rabi, kuma duk mai sikeli yana iya gwada ko abin da aka rubuta a jikin kwali gaskiya ne. Mai lamba 80 ta ishi aikin ofis, amma idan aka buga ta gaba da baya rubutun bayan yana leƙowa ya gajiyar da idon mai karatu. Ga kundi, 100 ita ce tsaka-tsaki, 120 kuwa sai ga shafukan hotuna ko gajeren aiki, domin kundi mai falle 300 a kan irinta ya haura kilo biyu kafin a sa bango. Takarda mai santsi da ƙyalli, wadda a gida ake ɗauka ita ce ta alfarma, cewa ya yi kada in kusance ta, saboda masu jarrabawa suna rubutu a gefen shafi kuma fensir ba ya kama ta.

Maganar da ba a yi a shagunanmu ita ce ta tsufan takarda. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19, bayan wani mutumin Saxony mai suna Friedrich Gottlob Keller ya gano yadda za a niƙa itace a yi takarda da shi, takarda ta yi araha amma ta zo da ciwo a cikinta. Sinadarin itace da ake kira lignin yana sa ta koma ruwan ƙasa idan ta sha haske, yadda tsohuwar jarida take yi, tsamin asid da aka riƙa haɗa ta da shi kuma yana cin zarenta a hankali har ta dinga karyewa a hannu. Shi ya sa aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 9706 a 1994, wadda ta ce takardar da za ta daɗe sai ta kasance babu asid a cikinta, lignin ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma an saka mata sinadarin alli aƙalla kashi 2 cikin 100 domin ya dinga kashe tsamin da zai shigo daga iska. Alamarta a jikin kwali lamba takwas ce a kwance cikin da'ira, ko kuma a rubuta lambar ƙa'idar ƙarara. Abin haushin shi ne akwai takardar da ta cika wannan sharaɗi a kasuwannin Kano, bambancin kuɗinta da mai araha kuma bai kai abin da ɗalibi yake kashewa a hotunan bikin yaye ba, amma babu mai tambaya, babu mai dubawa.

Tawada ma sai da mai shagon ya yi mini magana a kanta, domin firintar da ke fesa tawadar ruwa rubutunta yana zuba idan ɗigon ruwa ya taɓa shi, ta lesa kuwa garin tawada take narkawa ta manna shi. Sai batun ɗauri, wanda a nan ne zaɓen takarda da tsoron ha'inci suka haɗu. A yawancin jami'o'insu ba a karɓar kundin da aka ɗaure da zoben roba ko waya, irin wanda muka saba, saboda ana iya zare shafi a sauya shi bayan an miƙa. Sai an manne shi da gam ko an ɗinke, yadda ba za a cire falle ba tare da ya bar tabo ba, kuma a cikin ɗaurin ne ake sa takardar da ɗalibi ya sa wa hannu yana shaida cewa aikin nasa ne.

Kada wani ya ɗauka komai a nan daɗi ne. Kuɗin bugu da ɗauri yana da ciwo, kuma babu ragi babu bashi. Shagon yana rufewa a kan lokaci ko da kana tsaye a bakin ƙofa da wa'adin miƙa kundi a kanka, ranar Lahadi kuwa kada ma ka fito. Domin hatimi guda sai ka nemi lokaci ta intanet ka jira makonni, kuma a ƙasar da ke ƙera manyan injuna har yanzu akwai ofisoshin da suka fi yarda da wasiƙar gidan waya da na'urar faks. Sai na tuna yaran shagunan da ke bakin ƙofofin jami'o'inmu, waɗanda za su tayar da janareta su kwana suna gyara maka lambobin shafi, su ce ka kawo cikon kuɗi idan alawus ya fito, kana zaune a benci ana hira ana miƙo maka ruwan leda. Hannunsu ya fi na mai shagon nan na Jamus sauri, zuciyarsu kuma ta fi tasa taushi. Abin da suka rasa shi ne mai gaya musu cewa bangon da aka rubuta da ruwan zinariya ba ya hana takarda maras inganci tsufa, malamanmu masu duba kundi kuwa launin bango da faɗin gefen shafi kawai suke tambaya.

Dalilin wannan tsanani duka shi ne kundi a nan ba ya ƙarewa a teburin masu jarrabawa. Wanda ya ci jarrabawar digiri na uku ba shi da izinin kiran kansa Dakta sai ya wallafa kundinsa, ya miƙa wa ɗakin karatun jami'a, a kuma ajiye shi a Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka kafa a Leipzig a 1912, yake kuma da wani gida a Frankfurt. Jamusawa ma suna ha'inci, amma ajiyar tana tona su. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin Ministan Tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg bayan an gano ya kwashi rubutun wasu ba tare da ambatonsu ba, ya kuma sauka daga muƙaminsa. A 2013 abin ya faɗa kan Ministar Ilimi, Annette Schavan, a kan kundin da ta rubuta a Düsseldorf tun 1980. Fiye da shekara 30 kundin yana zaune a ɗakin karatu, rubutunsa bai goge ba, har ranar da wani ya buɗe shi ya gwada da littattafan da aka kwasa. Ina so ɗalibanmu su tambayi kansu ko kundin da aka rubuta a gida a 1980 za a iya fito da shi yau idan an nema, alhali dukanmu mun taɓa sayen tsire ko ƙosai aka ƙunshe mana shi a shafin furojet ɗin wani, da sunan babi a sama.

Jikin takardar ma shaida ne. A 1983 mujallar Stern ta sanar cewa ta sami littattafan da Hitler ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum da hannunsa, kusan guda 60, waɗanda ta biya fiye da Mak miliyan 9, kuɗin Jamus na lokacin, a kansu, har wasu masana suka amince da su da farko. Da aka kai su ɗakin gwaji, sai aka tarar da sinadarin ƙara wa takarda fari wanda ba a fara amfani da shi ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin ɗinkin kuma akwai zaren roba na zamani. Cikin mako biyu aka bayyana cewa jabu ne, daga baya Konrad Kujau, wanda ya rubuta su, ya tafi kurkuku.

Abin takaici shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Littattafan malamanmu na ƙarni na 19, waɗanda har yanzu ake samu a zaurukan malamai da Arewa House a Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da yawansu an rubuta su ne a kan takardar da aka yi da tsummoki a arewacin Italiya, ta ratso Sahara ta hanyar Tarabulus da Masar a bayan raƙuma. Idan aka ɗaga fallenta ga haske ana ganin tambarin jinjirin wata guda uku a jere, kuma masu bincike da irin wannan tambari suke ƙiyasta shekarun littafi. Kakanninmu sun san takarda mai kyau, suna biyan tsadarta, suna dafa tawada da bagaruwa da ƙaro, suna ajiye littafi a cikin gafaka a rataye shi nesa da ƙasa. Wasiƙun sarakunan Daular Usmaniyya ta Sakkwato da hatimi suke tafiya, kuma a fadar da aka aika wa an san hatimin, an san hannun magatakarda, an san manzon. Mu kuwa da muka gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin muka bar su suka durƙushe, yanzu yawancin abin da muke rubutu a kai daga waje ake kawo shi.

Ba zan ƙi faɗin alherin da aka fara ba. A 2022 hukumar WAEC ta buɗe shafin intanet inda ake samun satifiket ana kuma tabbatar da shi, ga waɗanda suka yi jarrabawa daga 1999 zuwa yau, wanda da ya zo da wuri da Yaya ya huta da wani ɓangare na wahalarsa. A 2023, da wata ɗaliba a Anambra ta gabatar da sakamakon JAMB na maki 362, alamar QR da ke jikin takardar ta nuna bayanan wani daban, rajistar hukumar kuma ta nuna 249 ta ci. Sai dai alamar ba tsafi ba ce, domin mai buga jabu yana iya buga tasa ta kai ka shafin da ya ƙirƙira da kansa, saboda haka wanda ya haska ta da waya sai ya dubi adireshin da aka kai shi.

Ɗalibin da zai buga kundi a bana ya sayi rim ɗinsa da kansa, mai lamba 80 aƙalla, 100 idan da hali, ya duba alamar ISO 9706, ya tsaya a buga masa da firintar lesa, ya bar gefen hagu da faɗi saboda ɗauri, ya kuma ajiye fayil ɗin a imel ɗinsa, ba a cikin waya kawai ba. Iyayenmu masu ajiyar takardun 'ya'yansu kuwa, Allah ya ja zamaninku, ina roƙonku ku daina manne asali. A yi fotokwafi a manne shi idan ana so, shi za a dinga yawo da shi, asalin kuma a sa shi cikin ambulan ko aljihun leda mai buɗaɗɗen baki, ba irin mai laushin nan mai warin roba ba, wanda yake ɗauke rubutu idan zafi ya yi, a ɗora akwatin a kan wani abu mai tsayi nesa da bango. Bayan ambaliyar 2022 da ta shafi ƙauyukan Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejia, bai kamata takardun gida duka su kwana a ɗaki ɗaya ba tare da an ɗauki hotonsu an tura wa ɗan uwa da ke birni ba. Rasit ɗin na'urar POS kuma ba shaida ba ce mai daɗewa, domin da zafi ake rubuta shi ba da tawada ba, yana gogewa da kansa, idan aka sa shi a injin lamineshin kuwa baƙi ƙirin yake komawa nan take.

Wadda ta fi damuna ita ce takardar gona. Har yanzu ana cinikin gonar miliyoyin Naira a rubuta shi da biro a fallen da aka yago daga littafin ɗan makaranta, a ce iyakarta daga tsamiya zuwa kwari, shaidu su dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu, kwafi ɗaya tak a hannun mai saye. Bayan shekaru shaidun sun rasu, an sare tsamiyar, biron ya baje, sai magada su fito da wata takardar daban, alƙali kuma ba shi da wurin da zai je ya gwada su biyun. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, amma ba mu cika zuwa nema ba. Ko ba a kai can ba, a rubuta cinikin a kan takarda mai kauri, a auna tsawo da faɗi a rubuta su da lamba da kuma kalmomi, a ambaci maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kada a bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannu inda za a iya cusa wani abu daga baya, sannan a yi kwafi uku kowa ya sa hannu a kan kowanne, ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai sayarwa, ɗaya a fadar dagaci. Mu 'yan garin da ke waje mun tattauna, mun amince mu sayi littafin rajista mai ɗinki mai lambobin shafi, tare da akwatin ƙarfen da za a ajiye shi, domin a dinga shigar da kowane cinikin gona da kwanan watansa, idan Mai Girma Dagaci, ransa ya daɗe, ya ba da izini a fara bayan girbi.